Gidan da Lukmanu Ya Nuna wa Alex

Lukmanu ya shigo Abuja yana saurayi, da takardar difloma da jaka ɗaya. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Saminaka, inda ƙofar gidansu ke kallon rafi, gonar masarar babansa kuma take farawa daga bayan katanga. Ya samu aiki a wata ma'aikatar tarayya a Sakatariya, a sashen kula da ma'aikata, ya kama ɗaki a Mpape saboda nan ne ƙarfinsa ya kai. Ya ce zaman wucin gadi ne. A nan ya auri Sa'adiya, mai ɗinki, a nan aka haifi Nazeefa, aka haifi Zaid. Ɗaki ɗaya ya koma ciki da falo, amma unguwar ba ta canza ba.

Gidan yana gangaren da ke kallon wurin fasa dutse. In aka tayar da nakiya sai kwanon rufi ya amsa, kofuna su yi ƙara a kan tire. Tifofi na wucewa yini guda, farar ƙura tana sauka a kan atamfofin da Sa'adiya ta goge ta rataye. Babu ko bishiya ɗaya a tsakar gidan. Lukmanu bai taɓa sabawa da wannan ba, kuma kullum yana cewa zai kwashe iyalinsa ya kai su inda yara za su taka ƙasa mai ciyawa.

Da haka ya ɗauki wata al'ada. Duk Asabar bayan karin kumallo sai ya hau mota ya tafi duba unguwannin bayan gari. Ya san Kuje, ya san Karshi, ya san Bwari da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ya san inda rijiya ke ƙafewa da rani da inda hanya ke yankewa da damina. A ofis har tsokanarsa ake yi ana ce masa Ejan, wato dillalin gidaje, duk da bai taɓa karɓar lada a hannun kowa ba. Ya samar wa mutane da dama gidaje. Shi kuwa duk wurin da ya gani sai ya samo masa aibi: nan ya yi nisa da makaranta, can masallaci ya yi nisa, wancan maigidan bai yi masa ba.

Wuri ɗaya ne bai samu abin kushewa a kansa ba. Wata rana yana dawowa daga ɗaurin aure a Keffi, motarsu ta lalace a Uke. Ya bi wata 'yar hanya yana neman ruwan alwala, ya wuce gidaje da gonakin rogo, sai ga shi a bayan gidan wata dattijuwa, Mama Angelina, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. A gefen gidanta akwai wani ƙaramin gida mai ɗaki biyu da falo, wanda ɗanta ya gina kafin aiki ya kai shi Legas. Bishiyoyin yazawa da mangwaro sun rufe shi da inuwa. Ƙasa kaɗan akwai rafi mai gudu a kan duwatsu. Kuɗin hayar da ta faɗa masa bai kai abin da yake biya a Mpape ba.

Ya yi alwala a rafin, ya yi salla a ƙarƙashin mangwaro, ya daɗe zaune bai tashi ba.

Daga nan ya riƙa zuwa. Yakan kai wa Mama burodi da ganyen shayi, ya zauna a kan benci su yi hira.

"Ɗana, yaushe za ka kawo mini jikokina?" takan tambaye shi.

"Bayan Salla, Mama, in sha Allahu."

Salla ta wuce, ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce sai yara sun gama zangon karatu. Abin da bai faɗa mata ba shi ne yana tsoron hanyar. Duk wanda ke zaune a wannan ɓangaren sai ya ratsa Masaka da Mararaba da Nyanya kafin ya shiga gari, kuma kowa ya san cunkoson nan. Ya nuna wa Sa'adiya hotunan wurin a waya, ta ce ya yi kyau, su je su gani. Ya ce mata ba a gama gyaran gidan ba tukuna. Ya fi son ya san gidan yana nan yana jiransa.

Alexander ya zo ofishinsu daga baya. Mutumin Kwoi ne, dogo, mai yawan dariya, ƙasa da Lukmanu a shekaru da kuma matsayi. Shi ma a Mpape yake zaune da matarsa Mabel, wadda ke koyarwa a wata makarantar yara, da ɗansu Marvel da bai daɗe da fara tafiya ba. Yaron ya kama tari da ya ƙi tafiya. Likita ya ce ƙurar unguwar ce, in suna da hali su tashi.

"Oga Lukman, ka taimake ni," Alex ya ce masa wata safiya. "Kai ka san ko'ina. Muna neman wuri mai sauƙin haya, inda akwai itatuwa, yaron nan ya samu iska."

Lukmanu ya ji daɗi. Irin wannan roƙon shi ne abin da ya fi so a duniya. Ya kai su Ushafa, suka ga duwatsu da sanyin wurin, amma hayar gidajen bakin hanya ta fi ƙarfinsu. Ya kai su Kuje, Mabel ta ce babu inuwa. Ya kai su Karshi, suka tarar layin jarkoki a bakin famfo ya kai har titi. Mabel ta gaji, yaron yana ta kuka a bayanta, fuskar Alex ta sauya.

A nan ne bakin Lukmanu ya ja masa. Yana son su san ba ƙaramin masani suka ɗauko ba.

"Ku zo in nuna muku inda ni zan koma," ya ce. "Ku dai gani kawai."

Da suka isa, Mama Angelina ta kawo musu ruwa daga randa. Mabel ta kwance goyo, ta zauna a kan tushen yazawa. Yaron ya sauka, ya bi wata kaza har bakin gona, ya dawo ya kwanta a cinyar uwarsa ya yi barci. Tarin bai tashe shi ba. Mabel tana ta kallon ganyayen da ke samansu. Alex ya gangara rafi ya wanke fuska, ya dawo yana cewa wurin kamar garinsu. Lukmanu yana tsaye yana murmushi kamar shi ya dasa bishiyoyin.

Ranar Litinin Alex ya same shi a teburinsa, a gaban sauran ma'aikata.

"Oga, ina so in tambaye ka wani magana, kar ka ji haushi. Gidan nan na Uke, da gaske za ka shiga? In za ka shiga, mu ba za mu taɓa shi ba. Mabel ce ta dame ni tun shekaranjiya."

Wani daga bayan ofis ya yi dariya ya ce, "Ejan zai tashi daga Mpape? Sai dai in an rushe ta."

Lukmanu ya ɗauki biro daga kan teburinsa. Zai iya cewa nasa ne, magana ta ƙare. Amma ya ga idanu a kansa, kuma ya san in ya ce zai shiga za a tambaye shi yaushe.

"Ai ni na wuce wurin nan," ya ce yana juya biro. "Ya yi nisa. In za ku iya da cunkoson Nyanya, ku shiga mana."

A ransa ya tabbata ba za su iya ba. Mabel tana da aiki a gari, Alex ba shi da mota. Kafin wata ya ƙare suka kwashe kayansu a bayan wata akori-kura suka tare. Mabel ta bar aikinta ta samu wani a wata makaranta a Uke ɗin.

Tun daga ranar wani abu ya zauna wa Lukmanu a ƙirji. Ya daina fita ranar Asabar. In ya iso ofis, abin da yake fara dubawa shi ne kujerar Alex. In ya ga babu kowa a kai sai ya ji sanyi a ransa. In Alex ya shigo a makare, rigarsa ta jiƙe da gumi, takalminsa da jar laka, sai Lukmanu ya ɗaga kai ya ce, "Mutanen Uke, an iso?" Ana dariya, Alex ma yana dariya, domin bai san abin da ke ƙarƙashin maganar ba.

"Hanya ba daɗi, Oga," yakan ce. "Amma Marvel ya daina tari. Jiya har kifi muka gani a rafin."

Kowace irin wannan magana sai ta bi Lukmanu har gida. Lokacin yazawa Alex ya cika leda ya kawo masa, ya ce a kai wa yara. Lukmanu ya yi godiya, da aka tashi ya miƙa wa maigadi a bakin ƙofa. Lokacin mangwaro ma haka. Ba ya son Sa'adiya ta tambaye shi daga ina suka fito. Ya san bishiyar da ta ba da su, ya san reshen da ya sunkuyo kan taga. Yakan kwanta bayan la'asar ranar hutu, nakiya tana tashi a bayan dutse, yana tunanin wani ne yanzu yake zaune a kan bencin nan.

Da damina ta yi ƙarfi, wata safiya aka ce ruwa ya yi ɓarna a ƙauyukan hanyar Keffi, kuma Alex bai zo aiki ba. Lukmanu ya fita baranda ya kira shi.

"Alex, lafiya? Na ji an ce ruwa ya shiga gidaje."

"Lafiya lau, Oga, na gode da ka tuna da mu. Rafi ya cika sosai, amma bai hau wurinmu ba, gidan yana kan tudu. Hanya ce kawai ta hana ni fita. Muna nan muna gasa masara da Mama."

Lukmanu ya ce alhamdu lillahi, ya kashe wayar. Ya tsaya riƙe da ƙarfen barandar, ya gane ba wannan amsar ya so ji ba. Abin ya ba shi tsoro. A gidan akwai ƙaramin yaro, akwai tsohuwar da take kiransa ɗanta. Ya yi ta istigfari har ya koma kujerarsa. Ya yini bai yi wa kowa tsokana ba. Amma washegari da Alex ya nuna wa mutane hoton rafin a cike, ciyawa kore shar har bakin ruwa, abin ya dawo masa sabo.

Bayan damina Alex ya gayyace su bikin zagayowar ranar haihuwar Marvel. Lukmanu ya so ya kawo uzuri, amma Mabel ta riga ta kira Sa'adiya, don sun san juna tun a Mpape, ita take mata ɗinki. Dole suka tafi.

Gidan ya canza. Alex ya yi shingen kara, ya shuka citta da kuɓewa da alayyafo a baya. Mabel ta ɗaura igiyar shanya tsakanin mangwaro biyu. An yanka kaji, Alex ya ce takanas ya kira wani malami maƙwabcinsu ya yanka saboda baƙinsa. Nazeefa da Zaid ba su ko zauna ba, suka cire takalma suka bi sauran yara rafi. Mama Angelina ta fito da sandarta, ta ga Lukmanu ta yi murna, ta yi masa faɗan ya daina zuwa. Sannan ta juya ta ce, "Alex, ɗana, kawo wa baƙo kujera."

Baƙo. Lukmanu ya zauna a kujerar roba, aka ba shi shinkafa, ya ci kaɗan. Alex yana zagayawa da shi yana nuna masa wurin, har da inda rana ke faɗuwa a bayan gonar rogo, kamar ba Lukmanu ne ya fara nuna masa ba. Zaid ya dawo a jiƙe har wuya, riƙe da wani ɗan kaguwa a cikin gwangwani.

"Abba, me ya sa mu ba ma zama a nan?"

"Je ka canza riga," Lukmanu ya ce.

Can gefe ya hango Mama Angelina ta riƙe hannun Sa'adiya tana mata magana, tana nuna gidan, tana nuna shi. Ya ga Sa'adiya ta juyo ta dube shi, sannan ta mayar da kanta.

Da yamma shi da Sa'adiya da yara suka hau mota. Yara suka yi barci a jikinta tun kafin Masaka. Sai da suka isa gida, ta ba su abinci, ta tura su wurin maƙwabta, sannan ta rufe ƙofa.

"Abban Nazeefa, ashe gidan nan a gyare yake tun farko?"

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Matar nan ta ce ta hana mutane da yawa saboda kai. Ta ce kullum kana ce mata matarka ce ba ta shirya ba. Ni ka taɓa kai ni na ce ban shirya ba?"

"Hanyar ce, Sa'adiya. Ba ki san wahalar hanyar nan ba."

"To ka ce hanya ce. Ni da keken ɗinkina ko'ina zan zauna, mata ba sa daina ɗinki. Shekara nawa kana fita kana dawowa da hotuna? Kai kallon gida kake so, ba shiga ba. Yanzu ga shi wani ya shiga, kana ta ciwo. Kana tsammanin ban lura ba? Ko sunan Alex aka ambata sai fuskarka ta ɓaci, bawan Allah bai yi maka komai ba."

"Ni na samo wurin," ya ce a hankali.

"Kai ka samo, kai ka bayar."

Ya fita ya zauna a kan dakalin ƙofar gida har aka kira magariba.

Ba a daɗe ba Alex ya zo masa da labari, yana murna. Wani maƙwabcin Mama Angelina zai ba da gidansa haya, yana kallon nasu, tsakaninsu gona ɗaya ce.

"Oga, ku zo mu zama maƙwabta. Mabel ta ce ita da Maman Nazeefa za su ji daɗi. Mu riƙa fitowa aiki tare."

Lukmanu ya ce zai yi shawara. Bai ko je ya duba ba. Ya san ba zai iya buɗe taga kowace safiya ya ga Alex yana ban ruwa a ƙarƙashin yazawar nan ba. Da Sa'adiya ta ji labarin daga bakin Mabel, ta tambaye shi, ya gaya mata gaskiya a karon farko. Ya ce ko'ina ta ce zai bi ta, ban da Uke.

Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce to wannan karon ita za ta nema.

Wata mai kawo mata ɗinki, ma'aikaciyar jinya a Bwari, ta gaya mata akwai gida a can bayan Ushafa, ciki sosai, inda kwalta ta ƙare, shi ya sa hayar ba ta yi tsada ba. Sa'adiya ta bar yara a wurin maƙwabciya ta tafi ita kaɗai. Ta dawo ta ce ta gani, ya yi mata. Lukmanu ya je ranar Asabar, ya fara lissafa aibobi tun daga bakin hanya: okada ce kaɗai ke shiga, ɗakin girkin ƙarami ne, katangar baya ba ta da tsayi.

"Na gani," in ji Sa'adiya. "Na riga na ce wa maigidan muna so."

Suka tare kafin azumi. Gidan yana gindin wani babban dutse, akwai bishiyar gwaiba a tsakar gida da bishiyar dogon yaro a ƙofa. Da safe hazo yakan sauko har kan rufin, birai kan leƙo daga saman dutsen su gudu. Babu rafi, sai rijiya mai ruwan sanyi. Yara suka saba cikin 'yan kwanaki. Sa'adiya ta kafa kekenta a baranda, ba a jima ba matan unguwa suka gano ta. Lukmanu ya sayo dashen mangwaro da lemo ya shuka a bayan gida, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ya yi ƙiba kaɗan. Ko shi ya yarda barcinsa ya fi na da.

Duk da haka bai warke ba. In Alex ya ambaci rafi a ofis, sai Lukmanu ya ce ruwa kusa da gida sauro ne kawai, iskar dutse ta fi lafiya. In Alex ya kawo yazawa, yanzu yana kaiwa gida, amma shi ba ya sha.

Da ƙaramar Salla Alex da Mabel suka kawo musu ziyara, Marvel yana gudu da ƙafarsa. Aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a baranda. Alex ya tambayi yadda hanya take, Lukmanu ya gaya masa yakan yi sallar asuba a masallaci, ya karya a gida, kuma ya riga kowa isa ofis. Alex ya ajiye cokali ya girgiza kai.

"Oga, ka ci riba. Ni Marvel yana barci nake fita, yana barci nake dawowa. Rafin nan sai ranar Asabar nake ganin shi. Wani lokaci ina cikin bas a Mararaba sai in ce, Oga Lukman ya san abin da ya gudu."

Lukmanu ya dube shi da kyau, ya ga ba wasa yake yi ba. Idanunsa sun faɗa, ya rame. Wani daɗi ya ratsa Lukmanu, ya ji kunyar daɗin, ya ƙara wa Alex nama a kwano.

"In ka gaji, akwai gidaje a nan," ya ce. "Zan duba maka."

"A'a, Oga," Mabel ta amsa tun kafin mijinta ya buɗe baki. "Mu mun zauna ke nan. Ko an ba mu gida kyauta a Maitama ba zan bar wurin nan ba."

Sa'adiya ta yi dariya. Lukmanu ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

Da suka raka baƙin bakin hanya suka hau okada, Sa'adiya ta ce masa Mabel ta gayyace su Kirsimeti, kuma Mama Angelina tana ta tambayarsa.

"Sai mu gani," ya ce. "Lokacin nan hanya ba ta da kyau."

"Na riga na ce mata muna zuwa."

Suka juyo gida, ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya, don awaki sun ture ƙayar lemon kuma bai yi ban ruwan yamma ba.